Ɗigon Launi a Cikin Hazo: Hoton da Ya Kusa Zama Baƙi da Fari

Akwai wani nau'in hoto da idan ka fara kallonsa za ka rantse baƙi da fari ne. Sai ka ƙura ido, ka hango jar hula can a kusurwa, ko shuɗin rawani, ko hasken fitila guda a bakin wani shago. Hoton mai launi ne, sai dai wurin da aka ɗauka ne ya zo da ƙarancin launi, abu ɗaya tak ya fita daban. Irin wannan hoto yakan daɗe a zuciyar mai kallo fiye da wanda aka cika da launuka, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da suka fi dacewa da ɗaukarsa.

Dalili shi ne hunturu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen tsakiyar Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara ta baza mana. Kaso mai yawa na wannan ƙura yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, wanda masana ke lissafawa a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. A ranar da sama ta washe, iska tana warwatsa shuɗin haske fiye da sauran, shi ya sa muke ganin sama shuɗiya. Ƙwayoyin ƙura kuwa sun fi girma, suna warwatsa kowane launi kusan daidai wa daida. Sai sama ta yi fari, inuwa ta yi laushi, abin da ke nesa ya dusashe, gari duka ya koma ruwan ƙasa da ruwan toka. Masu hoto da yawa sukan ce a irin wannan rana hoto ba ya fita. Gaskiyar magana, hazo ya riga ya yi musu rabin aiki, domin ya share duk wani tarkacen launi da ke raba hankalin mai kallo. Abin da ya rage shi ne a samo launi ɗaya da zai yi magana.

Me ya sa ɗan launi ke da ƙarfi haka? Ido ba ya auna launi shi kaɗai, yana auna shi ne da abin da ke kewaye da shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zurfafa bincike a kan wannan wani masanin sinadarai ne Bafaranshe, Michel Chevreul, wanda aka naɗa shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Paris a shekarar 1824. An kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya gano rinin ba shi da laifi, launukan da ake saƙawa kusa da baƙin ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. Ya wallafa sakamakon bincikensa a 1839. Masu ɗinkin hula da masu aikin babbar riga sun san wannan a aikace: zare ɗaya ne, amma yadda yake fita a kan farar shadda daban da yadda yake fita a kan shuɗiya. Haka jar buta a tsakiyar Kantin Kwari ba wanda zai lura da ita, amma a ajiye ta a gindin katangar laka ranar hazo, ita ido zai fara sauka a kai.

A tarihin ɗaukar hoto, sunan da aka fi dangantawa da wannan salo shi ne Saul Leiter, Ba'amurke da ya rayu daga 1923 zuwa 2013. Tun ƙarshen shekarun 1940 yake yawo a titunan unguwarsu a New York yana ɗaukar hoto mai launi, a zamanin da manyan masu sana'ar ke ganin launi na 'yan talla ne kawai. Ya fi son ranar dusar ƙanƙara da ruwan sama, da tagar da raɓa ta lulluɓe. A cikin wannan fari da toka sai ka ga jar lema, ko koren fitilar hanya, ko gefen motar haya mai ruwan ɗorawa. Duniya ba ta san darajar aikin nasa sosai ba sai da littafinsa Early Color ya fito a 2006, yana da shekara fiye da tamanin. Abin da dusar ƙanƙara ta yi masa a can, shi hazo ke yi mana a nan.

Ya kamata a bambanta wannan da wata dabara mai kama da shi. A fim ɗin Schindler's List na Steven Spielberg, wanda ya fito a 1993, kusan komai baƙi da fari ne, sai wata yarinya da aka bar wa jar rigarta. Wannan aikin gyara ne da aka yi da gangan domin isar da saƙo, kuma ya dace da wurinsa. Amma tun da manhajojin waya suka sauƙaƙa dabarar, sai ta zama ruwan dare a hotunan biki: a kashe launin komai a bar jan leɓen amarya ko furen hannunta. Ido yana saurin gane irin wannan, domin a zahiri babu launin da ke tsayawa shi kaɗai. Jar riga takan ɗan haska bangon da ke kusa da ita, toka kuma takan ɗan karkata zuwa shuɗi ko ruwan ƙasa. Waɗannan ƙananan alamu su ne ke sa hoto ya yi rai, kuma su ne manhaja ke kashewa.

To ina za a nemi irin wannan wuri? Ganuwar Kano da lungunan tsohon birni, unguwar Birni a Damagaram, da babban masallacin Agadas mai hasumiyar laka da ta kai mita 27, duk shimfiɗa ce ta launin ƙasa. Shuɗi ya fi kowane launi fita a kan irin wannan, domin kishiyar ruwan ƙasa ne, don haka Buzu sanye da rawanin turkuɗi a gindin wannan hasumiya ya isa hoto. A Kano, Adaidaita Sahu guda ɗaya da ta ɓullo daga cikin hazo da sassafe tana ba da ruwan ɗorawa. A filin Idi bayan an idar da salla, inda fararen kaya suka mamaye ko'ina, dogari ɗaya da jan kayansa ya wadatar. Akwai tattasai da barkono da ake shanyawa a ƙasa da rani, akwai wutar mai shayi da asuba, akwai masunci a kwalekwale a Kogin Kwara wajen Yamai lokacin da ruwa da sama suka haɗe suka zama toka ɗaya.

Sai batun na'ura, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ma'aunin haske na kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka haɗa, zai ba da toka matsakaiciya, wadda ke maido da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta. Idan ya fuskanci farin hazo sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, hoton ya fito da duhu da dauɗa. Maganin shi ne a ƙara haske da hannu, mataki ɗaya ko ƙasa da haka, ta maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi. A waya kuwa, a taɓa fuskar wayar a inda ake so, sannan a ja alamar rana sama kaɗan. A kula kada a wuce gona da iri, musamman da ja, domin shi ne launin da ke saurin cikewa har zanen yadi ya ɓace ya koma dunƙule ɗaya.

Abu na biyu shi ne daidaita fari, wanda ake rubutawa WB a jikin na'ura. Idan aka bar shi ya yi gaban kansa, kyamara za ta ɗauki ruwan ƙasan hazo a matsayin kuskure, ta yi ƙoƙarin wanke shi, hoton ya rasa ɗuminsa. Gara a tsayar da shi a kan hasken rana, wajen 5500 a ma'aunin Kelvin. Wanda na'urarsa ke ɗaukar RAW ya yi amfani da shi, domin yana adana bayanan launi da yawa fiye da JPEG, kuma irin wannan hoto ya dogara ne a kan bambanci mai siriri tsakanin toka da toka. Wayoyi da yawa suna ƙara wa launi kauri da kansu, don haka a kashe tacewa da duk wani gyaran kai tsaye idan akwai hali.

Tsarin hoton shi ne zuciyar aikin. Launin ya zama kaɗan, kamar gishiri a miya: idan babu a ji lami, idan ya yi yawa a kasa ci. Launi ɗaya ya fi biyu, domin da zarar an sami ja a dama da kore a hagu, ido zai rasa inda zai tsaya. Tun da nan ne kallo zai fara sauka, dole abin da ke ɗauke da launin ya cancanci kallo. Idan leda ce iska ta maƙala a waya, to hoton leda ka ɗauka, ko da masallaci ne ya cika sauran wurin. Kafin a danna, a bi gefunan hoton huɗu da ido, a ga ko allon talla ko jarka ta leƙo. Taku biyu zuwa gefe, ko ɗan durƙusawa, yakan kawar da su. Ba lalle ne launin ya zauna a tsakiya ba, sau da yawa ya fi daɗi idan ya karkata gefe, aka bar masa fili a gabansa. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce a fara samun shimfiɗar, a tsara hoton, sannan a tsaya a jira mai launin ya shigo da ƙafarsa.

Hunturu yana da nasa haraji. Ƙura tana shiga na'ura, don haka kada a sauya gilashin kyamara a fili, kuma a hure ƙurar kafin a goge, in ba haka ba za ta karce gilashin. Mutanen da ke cikin hoton ma suna da haƙƙi. A yi sallama, a nemi izini, musamman idan mata ne ko yara, kuma a nisanci wuraren jami'an tsaro.

Idan an zo gyara, a sassauta hannu. Ƙara kaifi da yawa yana kashe laushin hazon, ƙara launi da yawa yana mayar da abin gaske kamar na jabu. Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna ko an dace: ka sa babban yatsa ka rufe ɗigon launin, ka dubi abin da ya rage. Idan haske da inuwa da tsarin wurin sun riƙe hoton, to launin ƙari ne a kan abu mai kyau. Idan kuwa komai ya rushe, launin yana rufa wa hoton asiri ne, sai a koma wurin gobe da sassafe a sake gwadawa.