Marubuci, Kula da Sunan da Kake Raɗa wa Tauraronka

Marubuta da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun rubuta "wannan labari ƙagagge ne" a shafin farko, sun wanke kansu ke nan. Amma a gaban alƙali tambaya ɗaya ce: wanda ya san mai ƙara, idan ya karanta labarin, zai gane da shi ake? In amsar ta zama e, marubuci ya shiga uku, ko da bai yi niyyar ɓata wa kowa suna ba.

An daɗe da kafa wannan hukunci a Ingila, kuma kotunan Najeriya suna kafa hujja da irinsa. Jaridar Sunday Chronicle ta taɓa buga labarin wani mutumin da ta ƙirƙira, Artemus Jones, mai yawo da matar da ba tasa ba. Ashe akwai lauya mai wannan suna. Ya yi ƙara, aka ba shi diyyar fam 1,750, kuma babbar kotun ƙasar ta tabbatar a 1909.

Sauya suna kaɗai ma ba ya isa. A 1934, Gimbiya Irina Yusupov ta ci kamfanin MGM fam 25,000 kan wani fim na rayuwar Rasputin. An kira wata tauraruwa a fim ɗin Natasha, amma kotu ta yarda cewa waɗanda suka san gimbiyar za su gane ita ake nufi.

A Arewacin Najeriya, ɓata suna laifi ne a sashe na 391 na Penal Code, kuma sashe na 392 ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Wanda aka ɓata wa yana iya neman diyya daban. A jihohin da ke bin shari'ar Musulunci kuwa, jingina wa mutum zina ba tare da shaidu huɗu ba ƙazafi ne, hukuncinsa bulala 80. Masu sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Facebook ba su tsira ba, domin yaɗawa ita ce wallafa.

Don haka, ya kai marubuci, sauya suna, sauya unguwa, sana'a, sarauta da kamanni. Kada ka mai da alƙalaminka makamin ramuwa kan tsohuwar budurwa ko maigidan da kuka ɓata. In ya zama dole ka ambaci mai rai, nemi izininsa a rubuce, ka kuma nuna wa lauya kafin bugu. Mutuncin mutane amana ne a hannunka.