Cire Gashi Da Hasken Leza: Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido

A 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta kankama a manyan garuruwan Kudu, musamman ma Ikko, wato sana'ar cire gashi da hasken leza. A Ikeja da Lekki da wasu unguwanni an buɗe gidajen gyaran jiki masu tallar cewa za su raba mutum da gashin da ba ya so, ko a fuska ko a jiki, ba aska ba reza. Labarin ya kai Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, har mata da maza na Arewa mazauna waɗannan wurare sun fara tambayar juna ko abin gaskiya ne, ko kuwa wata hanyar cin kuɗin baƙo ce kawai.

To, abin dai gaskiya ne, amma ba kamar yadda masu talla suke zuzuta shi ba. Yana da amfani, yana kuma da haɗari, haɗarin kuwa ya fi yawa ga baƙar fata.

TSOHUWAR AL'ADA

Kawar da gashi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kaka da kakanni wanzami yake yawo da zabirarsa, yana aski da gyaran fuska. Addinin Musulunci kuma ya sanya aske gashin mara da cire na hammata cikin ayyukan tsabta, har an iyakance kada a bar su su wuce kwana 40. Mata kuwa suna da halawa, wadda ake dafawa da sukari da lemon tsami, a manna a fata a fizge. Ita da dilka sun shigo ne daga wajen Sudan, yanzu sun zama ruwan dare a gyaran amare.

Sai dai duk waɗannan hanyoyi na ɗan lokaci ne. Aska tana yanke gashi a saman fata, kwana biyu ya dawo. Halawa da matsefata suna tuge shi, amma saiwar tana nan da ranta, bayan 'yan makonni ta sake tofo wani. Abin da leza ta zo da shi sabo shi ne kai farmaki ga ita saiwar.

ASALIN ABIN

Leza wani irin haske ne mai launi ɗaya tak, wanda ake tattarawa wuri guda da ƙarfin gaske. Wani masani Ba'amurke mai suna Theodore Maiman shi ya fara ƙera injinta a Kalifoniya cikin 1960. A cikin 1983 wasu likitoci biyu na birnin Boston, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana cewa idan aka zaɓi irin hasken da ya dace, aka sake shi na ɗan ƙanƙanin lokaci, ana iya ƙona wani abu guda a cikin fata ba tare da an taɓa na kusa da shi ba. A kan wannan ilmi aka gina injunan cire gashi, waɗanda suka fara shiga kasuwa a Amurka a tsakiyar shekarun 1990.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Kowa ya san baƙar riga ta fi farar riga ɗaukar zafi a rana. To, a cikin gashi akwai wani sinadari da ake kira melanin, shi ne yake ba shi baƙinsa. Idan hasken leza ya sauka, sai melanin ɗin ya shanye shi ya mai da shi zafi, zafin ya bi silin gashi har ƙasa ya illata saiwar.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa leza ba ta cin furfura. Gashin da ya yi fari ba shi da abin da zai kama hasken, don haka dattijon da ya kai mata farin gemu ya yi asarar kuɗinsa. Haka ma siririn gashi mai laushi ba ya jin ta sosai. Baƙin gashi mai kauri shi ne abincinta.

INDA GIZO KE SAƘAR

Wannan melanin da yake cikin gashi, shi ne dai yake cikin fatar baƙin mutum, kuma da yawa. Haske ba shi da ido, bai san gashi ba bai san fata ba, duk inda ya tarar da baƙi nan yake sauke zafinsa. Ga Bature mai farar fata da baƙin gashi aikin yana da sauƙi. Ga Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo kuwa, injin da bai dace ba zai ƙona fatar tun kafin ya isa ga saiwar.

Injunan iri-iri ne, ana bambanta su da tsawon zangon haskensu, wanda ake aunawa da nanomita. Akwai na rubi mai 694, shi ne na farko, bai kuma dace da baƙar fata ba ko kaɗan. Akwai na alezandirait mai 755, wanda ya fi dacewa da masu hasken fata. Akwai na dayod mai wajen 800 zuwa 810, wanda gwani yake iya amfani da shi a kan wankan tarwaɗa cikin hattara. Sannan akwai wanda ake kira Nd:YAG mai 1064. Haskensa yana ratsa saman fata ba tare da ta shanye shi da yawa ba, ya nutsa ƙasa inda saiwar take. Shi ne likitocin fata suka fi amincewa da shi ga baƙaƙen mutane.

Akwai kuma wani injin da ake kira IPL, wanda wasu gidaje suke tallarsa da sunan leza alhali kuwa ba leza ba ne. Fitila ce mai walƙiya da ke watsa haske gauraye, kuma ta fi saurin ƙona baƙar fata. Yawancin ƙananan injunan da ake sayarwa don amfani a gida irinsa ne, kuma masu ƙera da yawa daga cikinsu sun rubuta a jikin kwali cewa ba a yi su don fata mai duhu sosai ba.

Idan aka yi kuskure, abin da yake biyo baya shi ne ƙuna da bororo, daga baya wurin ya yi baƙi ƙirin ko ya yi fari kamar ɗaurin ƙuna, ya ɗauki watanni kafin ya koma daidai. Wani ma tabon ba ya ɓacewa. Mai irin jikin nan da ƙaramin rauni yake zame masa tabo mai tudu, shi ya fi kowa bukatar taka-tsantsan. Daɗin daɗawa, hasken yana iya lalata ido, shi ya sa dole mai yi da wanda ake yi wa su sa tabarau na musamman, kuma ba a kusantar fatar ido da shi. Wani abin mamaki kuma, jefi-jefi akan sami wanda gashi ya ƙaru masa a gefen wurin da aka haska maimakon ya ragu, an kuma fi ganin haka a fuska da wuya.

BA A ZAMA ƊAYA BA

Gashin jiki ba ya girma lokaci guda. Wani yana tofowa, wani yana hutawa, wani yana shirin zubewa. Leza ta fi cin wanda yake cikin girma, saboda haka sai an yi ta komawa. Galibi akan yi zama 6 ko fiye, da tazarar mako 4 zuwa 8 tsakanin wannan da wancan. Ke nan aikin yana iya cin mafi yawan shekara, kuma kowane zama da kuɗinsa. Ɗan kasuwar da yake shirin tafiya gida da damina ko da azumi sai ya yi wannan lissafi tun da wuri.

Ko bayan an gama, ba a cewa gashi ya tafi har abada. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda ne kawai a ce leza tana rage gashi ragi mai ɗorewa. Wanda ya dawo yakan zo siriri kuma tsilli-tsilli, wasu kuma sukan koma sau ɗaya ko biyu a shekara. Hanyar da aka yarda tana kashe saiwa ɗungum ita ce ta allurar lantarki, wadda wani likitan ido na Amurka, Charles Michel, ya bayyana a 1875 don cire gashin ido mai sukar ƙwaya. Ita tana cin furfura, ba ta kuma damu da launin fata ba, sai dai ana bin gashin ne ɗaya bayan ɗaya, ga jinkiri ga zafi.

MACE MAI GEMU

Waɗanda abin ya fi ci wa rai su ne matan da gashi yake fito musu a haɓa da saman leɓe da ƙirji. Da yawa suna ɓoyewa cikin mayafi, suna tsigewa a ɗaka, don gudun gorin kishiya ko tsegumin maƙwabta a gidan haya. Wasu ma har camfi ake jingina musu. Alhali kuwa ba maita ba ce, ba kuma baki ba ne. Wata gado ta yi, wata kuwa sinadaran jikinta ne suka sami tangarɗa.

Babban abin da ya fi haddasa shi shi ne wata lalura ta gidan ƙwan mace, wadda aka sani da PCOS. Takan zo da rikicewar al'ada, da ƙuraje a fuska, da ƙiba, wani lokaci da jinkirin haihuwa, tana kuma iya jawo ciwon sukari nan gaba. Macen da ta ga waɗannan alamu, asibiti ya kamata ta fara zuwa. In ta je aka haska gashin kawai ba a taɓa tushen ciwon ba, sabo zai ci gaba da fitowa, kuɗi kuma su ci gaba da fita. Idan kuwa gashin ya taso ne farat ɗaya cikin 'yan watanni, murya kuma ta fara kauri, wannan ba abin jira ba ne, domin yana iya zama alamar ƙari a ciki.

Akwai kuma masu shafa man bilicin. Da yawa daga cikin irin waɗannan mayuka suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi da suke sirantar da fata, su kuma sa gashi ya yawaita a fuska. Fatar da ta sha bilicin ba ta da juriyar zafi. Wadda take shafawa ta faɗa wa likita gaskiya kafin a ɗora mata inji.

MAZA DA ƘURAJEN ASKI

Maza ma suna da nasu. Gashin baƙin mutum murɗaɗɗe ne, idan aka aske shi ƙwal sai ya lanƙwasa ya soki fata, ƙuraje su feso a wuya da haɓa. Sojoji da 'yan sanda da masu gadin kamfanoni, waɗanda aiki ya tilasta wa aski kullum, sun san wannan azaba. Injin Nd:YAG yana taimaka musu ƙwarai, domin idan gashin ya ragu ƙurajen ma sukan lafa. Amma saurayi ya yi tunani tukuna: inda aka haska da kyau, gemu ba zai sake cika ba ko da ya so tara shi bayan ya manyanta. Shi ya sa wasu suke tsayawa a ƙasan wuya kawai. Wanda aikinsa bai hana ba kuwa, barin gemun ya ɗan tofo shi ne magani mafi araha.

KAFIN A MIƘA FUSKA

Mai tambaya ba ya ɓata. Wanda ya yi niyya ya tambayi sunan injin, ya tambayi wanda zai riƙe shi ko ya saba da baƙar fata, ya kuma tambaya ko akwai likita a wurin. A jihar Ikko akwai hukumar HEFAMAA mai rajistar wuraren kiwon lafiya, likita na gaskiya kuma yana da rajista da majalisar likitoci ta ƙasa. Asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Badun duk suna da likitocin fata da za a iya neman shawararsu.

A nemi a fara gwaji a ɗan ƙaramin wuri, a jira kwanaki a ga yadda fatar za ta yi. A daina halawa da tsiga wajen wata guda kafin zuwa, domin in an tuge gashin babu abin da hasken zai bi. Aski da reza shi ake yi ana gobe za a je. Kada a haska inda aka yi zanen lalle ko wani baƙin zane. A guji zafin rana bayan an yi, abin da 'yan acaba da masu talla a titi ya kamata su lura da shi. Mai juna biyu ta dakata sai ta sauka. Mace ta nemi mace ta yi mata, batun buɗe al'aura kuwa a tambayi malamai tun kafin a biya kuɗi.

Gidan da ya ce zama ɗaya ya isa, ko ya ƙi faɗin sunan injinsa, ko ya karya farashi ƙasa da na kowa, a bar masa kayansa. Araha ba ta ado. Gashin da ba a so ana iya aske shi gobe da safe, amma fuskar da ta ƙone sai an yi doguwar jinya.