Motar Da Aka Ajiye Da Inshorarta

Jama'a, a ƙasar Yauri ba kowace mota ke aiki duk shekara ba. Da rani motoci suna ɗibar albasa da busasshen kifi daga Yelwa da Wara zuwa kasuwannin nesa. In damina ta yi nisa, wasu hanyoyin ƙauyukan Ngaski da Shanga sukan ɓaci, sai mai mota ya ajiye ta a gida. Wata kuma injinta ne ya lalace, ta yi watanni a gareji. To, mai irin wannan mota yakan ce, "Don me zan biya inshora, alhali motata tana tsaye?"

Da farko mu san mece ce inshora. Yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani. Kai za ka biya kuɗi kaɗan na shekara guda. Su kuma, in tsautsayi ya auku cikin shekarar, sai su biya diyya.

Iri biyu aka fi sani. Ƙaramar inshora tana biyan mutumin da motarka ta ji wa rauni, ko ta ɓata masa dukiya. Ba ta gyara taka motar. Babbar inshora kuwa ta haɗa har da motarka, in ta yi haɗari, ko ta ƙone, ko aka sace ta.

Ƙaramar ita ce ta dole. Tun 1945 aka yi dokar da ta hana a hau hanya da mota sai da ita. Ran 1 ga Janairu 2023, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta mai da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, naira 3,000 ga babur. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta a hanya.

Ka lura, dokar nan hanya take bi. Motar da ke tsaye a gidanka, in inshorarta ta ƙare, ba ka yi laifi ba. Amma ranar da ka fito da ita, ko da gwaji makanike zai yi daga tasha zuwa bakin ruwa, laifi ya hau kanka. In ta buge yaro ko saniya, daga aljihunka za ka biya.

In ƙaramar inshora gare ka, kuma wata biyu ko uku za ka ajiye motar, bar ta kawai. Abin da za ka samu in ka soke ta bai kai wahalar ba.

In babbar ce, akwai dabara. Ka rubuta wa kamfanin takarda, ka gaya musu ranar da ka ajiye motar da inda take. Ka roƙa a dakatar da sashen hanya, a bar na gobara da sata. Kamfanoni da yawa sukan yarda, su rage maka kuɗi. Kada ka soke ta duka, don motar da ke tsaye ma tana ƙonewa, ɓarawo kuma ba ya tambaya ko tana aiki.

In kuwa ka sayar da motar, ko ta mutu ke nan, sai ka soke. Amma ka sani, ba a mayar da kuɗin daidai da watannin da suka rage, kamfani yakan riƙe fiye da haka. In sun taɓa biyan diyya cikin shekarar, galibi ba a mayar da kome. Wanda ya sayi mota da bashin banki kuma, kada ya taɓa inshorarta sai bankin ya yarda.

Abu guda za ka riƙe: shiru ba ya dakatar da inshora, maganar baki kuma ba shaida ba ce. Kome za a yi, a yi shi a rubuce, ka karɓi amsa ka adana. Ka karanta takardarka da kanka, ka ga ranar da ta fara da ranar da za ta ƙare. Kafin motar ta koma hanya, ka tabbata inshorar ta dawo aiki.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.