Mai Feshi da Abokinsa na Cikin Fure

Da sassafe, kafin iska ta taso, za ka ga masu feshi suna fita daga garin Gombe a kan babura, kowa da famfo mai cin lita 16 a goye, sun nufi gonakin wake da lambunan albasa na wajen Kwadon da Dadin Kowa. Galibinsu matasa ne. Wani kaso na waken da ke cika buhuna a kasuwar Tudun Hatsi sai da ya bi ta hannunsu.

Sana'ar ta wuce ɗaukar famfo. Gwani ya san awon magani, ya san takun da zai yi tsakanin kunya da kunya, kuma ba ya fuskantar iska. Aikinsa ya fi yawa idan wake ya fara fure, don a lokacin ne wani siririn baƙin ƙwaro, wanda masana ke kira tirips, yake shiga cikin furen ya tsotse shi. Ka tsinko fure ɗaya ka karkaɗe a tafin hannu, za ka gan su suna guje-guje. In sun yi yawa, fure ya zube, gona ta yi ganye shar babu 'ya'ya. A albasa kuwa, danginsa ne ke ɓuya a tsakanin ganye har ya yi dabbare-dabbaren fari.

Amma a cikin furen waken nan akwai wani ƙwaron, baƙi mai ratsin fari a fiffike, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Ana kiransa oriyus. Bakinsa kamar allura yake: ya soki tirips, ya zuƙe ruwan jikinsa, ya bar ɓawo. Ƙarfinsa yana ga abincinsa. Idan ya sami ƙwari isassu, macen tana yawan ƙwai, 'ya'yan su girma da wuri. Idan farauta ta yi wuya, yakan rayu da garin fure, irin na masara, sai dai haihuwa takan ragu. Shi ya sa kamfanonin Turai da ke kiwonsa suke ciyar da shi da ƙwan wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi. Manoman tattasai na Almeriya a ƙasar Sifen sun rungume shi sosai tun daga 2007, bayan maganin feshi ya daina cin tirips kuma an sami ragowar guba a kayansu.

A nan darasin yake. Feshin kan mai uwa da wabi yana kashe mafarauci tare da abin farauta. Tirips da ya ɓuya cikin fure ko cikin ƙasa yakan dawo da sauri ya tarar babu mai tare shi, manomi ya sake sayen magani.

Jihar Gombe tana da Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa, kuma ya dace wannan ilimi ya fito daga aji ya iske masu famfo a gona. Kai kuma mai feshi, duba fure kafin ka haɗa magani. Ka ba mai gona shawara ya bar masara a gefen wake, ka gwada ruwan 'ya'yan darbejiya tun ƙwari ba su yi yawa ba, ka rufe hanci da hannu. Wanda ya san abokin gona da maƙiyinta shi ne ya iya feshi.