Cinikin Iska: Ina Rabon Tigidda a Kasuwar Kabon?

Arewa da garin Ingal, a jihar Agadez, ƙauyen Tigidda-n-Tesumt na zaune a gefen ɗaruruwan ƙananan gurabe da aka gina da laka, wasu ja, wasu ruwan ɗorawa, wasu fari fat. Nan ake haƙo ƙasa mai gishiri, a kwaɓa ta da ruwan zartsi na maɓuɓɓuga, a bar ta ta kwanta, sannan a kwashe ruwan zuwa guraben shanya. Sauran aikin rana ce ke ƙarasa shi. Gishirin, wanda galibinsa na dabbobi ne, ya daɗe yana ciyar da kasuwannin makiyaya, kuma ba a hura wuta ko sare itace kafin ya ƙafe.

A gaɓar tekun Gini da Gini Bisau da Saliyo lamarin ya sha bamban. Can dafa ruwan gishiri ake yi a manyan faranti, makamashin kuwa daga kurmin gaɓar teku ake saro shi, wato itatuwan mangurob da ke tsirowa cikin laka da ruwan gishiri. An ƙiyasta cewa kilo ɗaya na gishiri kan cinye kusan kilo 3 na itace. Shi ya sa tun shekarun 1990 masu gishirin Guérande na Faransa, ta hannun ƙungiyarsu Univers-Sel, suke koya wa matan yankin shanya ruwan a kan tamfol don rana ta ƙafar da shi. Yau itatuwan da ake ceto ta irin wannan hanya sun zama haja a kasuwar duniya. To, idan ana biyan kuɗi don a bar itace a tsaye, ina rabon mutanen da tun asali ba su sare shi ba?

Mene ne ake sayarwa?

Duk itacen da ke girma yana zuƙar iskar kabon, wadda yawanta ke ɗumama duniya, ya mayar da ita jikinsa. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma kowace tan ɗaya ta wannan kabon daidai take da tan 3.67 ta iskar da aka janye daga sararin sama. A kan wannan lissafi aka gina kasuwar. Wanda ya shuka itatuwa, ko ya hana a sare daji, sai masu bincike su auna, wata hukuma kamar Verra ko Gold Standard ko Plan Vivo ta ba shi takardar shaida: takarda ɗaya, tan ɗaya. Kamfanin jiragen sama ko na mai a Turai ko Amurka ya sayi takardar, ya ce ya biya diyyar hayaƙin da ya fitar.

Tsarin ya samo asali daga yarjejeniyar Kiyoto ta 1997, ya sake sabuwar kama a sashe na 6 na yarjejeniyar Faris ta 2015, aka kuma kammala ƙa'idojinsa a taron sauyin yanayi na Baku cikin Nuwamba 2024. A taron Sharm el-Sheikh na 2022 an ƙaddamar da wani shiri na Afirka mai burin fitar da takardu miliyan 300 a kowace shekara nan da 2030. Ɗan Nijar kuwa, hayaƙin da yake fitarwa a shekara bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na tan ba, alhali na Ba'amurke ya haura tan 13. Mai laifin ɗumamar daban, mai itacen daban.

Sharuɗɗa uku ne ke riƙe da cinikin. Dole a nuna cewa in ba don kuɗin ba da aikin bai yiwu ba. Dole itatuwan su daɗe, yawanci shekara 30 ko fiye. Dole kuma kada saran da aka hana a nan ya koma dajin maƙwabta. Mai sayen gishiri a Tigidda yakan ɗaga, ya auna nauyi da hannunsa, ya ɗanɗana kafin ya biya. Kabon kuwa ba mai ganinsa, sai dai a yarda da takarda. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, kuma rigimar wannan kasuwa duk a nan take.

Dalilin da masu jari ke rububin gaɓar teku

Kurmin gaɓar teku ya fi kowane daji jan hankalin masu zuba jari saboda abin da ke ƙarƙashinsa. Ganye da saiwa da suka mutu suna nutsewa cikin lakar da iska ba ta ratsa ta, ba sa ruɓewa da wuri, sai su taru tsawon ɗaruruwan shekaru. Bincike ya nuna hekta ɗaya ta irin wannan kurmi na iya riƙe kabon ninki 3 zuwa 5 na dajin tudu mai zafi. Ga shi kuma matattarar kifi da jatan lande, ga kare garuruwa daga zaizayar teku.

A Gazi, kudancin gaɓar Kenya, shirin Mikoko Pamoja yana kula da hekta 117 tun 2013, yana sayar da kimanin tan 3,000 a shekara, jama'ar ƙauyen ne kuma ke zama su yanke abin da za a yi da kuɗin, kamar ruwan sha da littattafan makaranta. A Kasamans da Sin Salum na Senegal, ƙungiyar Oceanium da asusun Livelihoods sun jagoranci dasa mangurob kusan miliyan 80 daga 2009. Najeriya ce ke da kurmin gaɓar teku mafi girma a Afirka, a yankin Neja Delta, inda malalar mai ke kashe shi.

Abin da Nijar ta riga ta gani

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan kasuwa. Daga 2006, da tallafin asusun BioCarbon na Bankin Duniya, al'ummomin karkara 26 sun dasa ɗakwara, itacen ƙaro, a kan kimanin hekta 7,200 ta ƙasar da ta gaji. Sai a 2020 aka ba da labarin biyan farko, kusan dala 450,000, wato sama da sefa miliyan 250. Kuɗi ne mai amfani, amma jiran ya kai shekara 14, in kuma aka raba shi a kan hekta da shekaru, abin da ya rage kaɗan ne. Ƙaron da aka tsinta, da ciyawar da ta dawo, da noman da aka yi a tsakanin layukan itatuwa su ne suka riƙe mutane kafin kuɗin ya zo.

A Maraɗi da Damagaram kuwa an yi abin da ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman Maraɗi a kan barin kututture ya tofo a gyara rassansa, sassaben zamani ya bazu daga gona zuwa gona har ya kai kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, gawo a kan gaba. Manoman sun yi ne don taki da harawa da itacen girki, ba don wata takarda ba. Sharaɗin farko na kasuwar ya bar su a waje: tunda sun yi da kansu, ba a lissafa shi a matsayin sabon aiki. Amma da aka kai wannan dabara Humbo ta Habasha, aka yi mata rajista a 2009 a kan hekta 2,700 da ɗoriya, sai kuɗin kabon ya fito. Kasuwar takan saka wa wanda ya daina ɓarna ko ya zo da takardu, ta wuce wanda ya daɗe yana kiyayewa. Masu gishirin Tigidda suna cikin wannan sahu.

Inda haɗarin yake ga makiyaya

Ruwan saman yankin Tigidda bai cika kai milimita 200 a shekara ba, itatuwan ƙaya da aduwa a warwatse suke, girmansu a hankali. Wanda zai zo neman kabon a nan, faɗin ƙasa zai nema, filayen Irhazer da ciyawarsu, inda Abzinawa da Fulani Wodaɓe ke hauro da garkunansu kowace damina don lasar gishiri, a yi babban biki a Ingal cikin Satumba. Shi kuwa kwantiragin kabon na kiwo yakan tsara inda dabba za ta ci da lokacin da za ta tashi.

Arewacin Kenya ya isa izina. Can ƙungiyar Northern Rangelands Trust ta kafa shiri a kan kusan hekta miliyan 2 ta makiyayan Samburu da Borana da wasunsu, kamfanoni irin su Meta da Netflix suka sayi takardun. Masu shirin sun ce miliyoyin daloli sun shiga asusun al'umma. Sai dai Verra ta dakatar da shi don bincike a 2023, sannan a Janairu 2025 wata kotu a Isiolo ta yanke cewa biyu daga cikin gandunan ƙungiyar an kafa su ba tare da shawarar jama'a yadda doka ta tanada ba. A Janairu 2023 kuma binciken jaridun Guardian da Die Zeit ya yi zargin cewa sama da kashi 90 cikin 100 na takardun kare kurmi da Verra ta amince da su ba su rage hayaƙin da aka ce ba, ko da yake hukumar ta musanta. A shekarar ne aka yi ta ce-ce-ku-ce kan yunƙurin miƙa wa kamfanin Blue Carbon na Dubai kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar Laberiya.

Kafin a sa hannu

Nijar na da dokokin da za ta dogara da su. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo. Dokar makiyaya ta 2010 ta ce zirga-zirga haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai. Duk yarjejeniyar kabon da za ta taɓa Irhazer dole ta bi ta ƙarƙashin waɗannan dokoki, ta gaban kwamitocin kula da filaye da sarakunan gargajiya da ƙungiyoyin makiyaya, har da waɗanda ke zuwa wata uku kacal a shekara, domin su ma masu haƙƙi ne.

A karanta wa jama'a kwantiragi da harsunan Tamashek da Tasawak da Fulfulde da Hausa. A faɗi farashin da aka sayar da kowace tan, da kason dillali, da na gwamnati, da na gari. A rubuta ƙarara wanda zai ɗauki asara idan fari ko gobarar daji ta cinye itatuwan. Kada a rufe rijiya ko burtali ko maɓuɓɓugar gishiri da sunan kare muhalli. A kuma zaɓi aikin da ke da amfani ko da kuɗin kabon bai zo ba: tare ruwan ƙorama, farfaɗo da ciyawa, yanke hanyoyin tsayar da gobara, da murhu mai rage cin itace ga Agadez da Ingal.

Jami'ar Agadez da cibiyar Agrhymet da ke Yamai za su iya horar da matasan da za su riƙa auna itatuwa da ƙasa da kansu, don kada ma'auni ya zauna a hannun mai saye shi kaɗai. Mutanen da suka iya awo, suka san dokarsu, suka kuma san farashi, su ne za su iya karɓar tayi mai kyau, su mayar da maras kyau inda ya fito.