Ƙoshi Daban, Gina Jiki Daban

A shekarar 2020 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da takwarorinta suka bayyana cewa mutane fiye da miliyan dubu 3 ba su da halin sayen abinci mai gina jiki, domin kuɗinsa ya yi kusan ninki 5 na wanda ke cika ciki kawai.

To, me ya kawo wannan tazara? A ganina, babban dalilin shi ne ajiya. Gero da dawa sukan shekara a rumbu, su isa kasuwar Dawanau lafiya lau. Tumatirin Kadawa kuwa, kwana kaɗan ya ruɓe a kwando. Nono da ƙwai da ɗanyen kifi ma haka. Inda babu hanya mai kyau, babu ɗakin sanyi, ɗan kasuwa yakan ɗora asararsa a kan mai saye.

Saboda haka magidanci yakan fara auno hatsi, abin da ya rage a kai wa miya. Yaro ya kwana da ƙoshi, amma ga shi a tsumbure. Ma'aikacin da ke auna yunwa da buhunan hatsi ba zai ga wannan yaron cikin lissafinsa ba.