Ruwan kogi na wa ne? Abin da dokar Najeriya ta tanada da inda ake saɓani

Idan kogi ya taso daga wata jiha ya bi ta wasu jihohi kafin ya zuba a tafki, wa ke da ikon cewa ga adadin ruwan da za a ɗiba, ga wanda za a bari ya wuce? Dokar Najeriya ta faɗi wanda ke da iko da irin wannan ruwa, amma ba ta fayyace yadda za a raba shi tsakanin mutanen sama da mutanen ƙasa ba. Daga wannan giɓi ne galibin rigingimun ruwa a ƙasar nan suke tasowa.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya cikin jerin abubuwan da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce kaɗai ke yi wa doka. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, wadda aka kafa a zamanin mulkin soja kuma take aiki har yanzu, ta miƙa wa Gwamnatin Tarayya ikon amfani da irin wannan ruwa da kula da shi, na sama da na ƙarƙashin ƙasa. Ta kuma ba Ministan Albarkatun Ruwa ikon bayar da lasisi ga mai son karkatar da ruwa, ko tara shi, ko ɗibarsa domin kasuwanci.

Sai dai dokar ta kare haƙƙin talaka. Kowa na iya ɗibar ruwa kyauta domin amfanin gida da shayar da dabbobi daga duk kogin da jama'a ke da hanyar zuwa gare shi, kuma yana iya kamun kifi ko tuƙa jirgin ruwa a cikinsa. Mai haƙƙin mallakar fili, na hukuma ko na gargajiya, yana iya amfani da ruwan ƙarƙashin filinsa ko kogin da ke maƙwabtaka da shi domin gidansa, da dabbobinsa, da ban-ruwan gonarsa.

Tushen taƙaddamar shi ne, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Wato ƙasa tana hannun jiha, ruwan da ke gudana a kanta kuma yana iya kasancewa a hannun tarayya. Inda iyakar ikon ɗaya ta tsaya, na ɗayan ya fara, shi ne abin da kotuna suka sha fama da shi.

Misali mafi shahara shi ne na Jihar Legas. Masu jiragen ruwa da masu haƙar yashi sun kai ƙara saboda hukumomi biyu na karɓar kuɗi a hannunsu: hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya, NIWA, da takwararta ta Jihar Legas. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba jihar gaskiya, amma a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci, ta tabbatar da cewa hukumar tarayya ce ke da ikon bayar da lasisi da karɓar kuɗi a hanyoyin ruwan da doka ta lissafa. Hukuncin ya shafi sufuri da haraji ne, bai warware batun rabon ruwa ba.

Batun rabo ya fi fitowa fili a kwarin Haɗeja da Jama'are da Yobe. An kammala madatsar Tiga a 1974 a kan Kogin Kano, sannan ta Chalawa a 1992. Madatsun biyu suna ba birnin Kano ruwan sha, suna kuma ciyar da manyan ayyukan noman rani irin na Kadawa. Amma sun sauya yadda ruwa ke isa fadamun Haɗeja da Nguru, inda manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ambaliyar damina. Sakin ruwa duk tsawon shekara ya taimaka wa ciyawar kachala ta yaɗu, ta toshe magudanai, har wasu garuruwa ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma ya daina zuwa musu.

Wannan ne ya sa madatsar Kafin Zaki da ke Jihar Bauchi ta zama abin jayayya shekaru da dama. Masu goyon bayanta suna ganin za ta bunƙasa noman rani, yayin da al'ummomin Yobe da Borno suke fargabar za ta tare Kogin Jama'are, wanda shi ne babban abin da ya rage musu. Har yau aikin bai kammala ba. A 2006 jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kwarin. Tun kafin nan, a 1990, Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci, ciki har da Kogin Yobe.

Ƙudurin Dokar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa ya yi niyyar haɗa tsofaffin dokoki wuri guda tare da kafa hukumar da za ta tsara lasisi da rabo. Tsohon Ministan Albarkatun Ruwa, Injiniya Suleiman Adamu, ya kare shi da cewa yawancin tanade-tanadensa suna cikin dokokin da ake da su. Masu suka, ciki har da Farfesa Wole Soyinka da tsohon gwamnan Binuwai Samuel Ortom, sun ɗauke shi a matsayin hanyar ƙwace wa jihohi filayen bakin kogi. Majalisar Wakilai ta janye shi a 2020 bisa dalilin saɓa ƙa'idar majalisa, sannan Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Yunin 2023.

Saboda haka dokar 1993 ce ke ci gaba da aiki. Magidanci da makiyayi da ƙaramin manomi suna da kariya a cikinta, manyan masu ɗibar ruwa kuma suna buƙatar izini. Abin da ya rage shi ne ƙa'idar da za ta tilasta wa masu kula da madatsu su saki ruwa gwargwadon buƙatar mutanen ƙasa. Kafin a samar da ita, rabon manomin Gashuwa ya dogara ne da shawarar da aka yanke a Tiga.